Gwangwanin Kofur Jibo

Ni maɗinkin littattafai ne a Samaru,
allura da zare da danƙo, iyakar sana'ata ke nan.
Ran Talata aka dire mini wani ƙato,
bango ya yage, gara ta yi kalaci da gefensa:
mutanen Ostareliya da yaƙe-yaƙensu na da.

Ban yi niyyar karantawa ba,
amma mai ɗinki dole ya bi shafi.
Sai na ga ashe su ba sa barin mamaci ya tafi haka.
Sun rubuta tudun da ya faɗi a kai,
da ƙarfe nawa ne, da wanda ke damansa,
har wasiƙar da ya aika wa uwarsa yana roƙon safa.
Kafin alfijir suke taruwa, in ji littafin,
a busa begila, a yi tsit,
a maƙala jan fure kusa da suna a jikin bango.
Biyu cikinsu ma sun cinye shafi goma
suna gardamar wa ya ba da umarnin da ya kashe yara.

Na rufe. Na hau acaɓa zuwa Tudun Jukun.

Kakana, Kofur Jibo, daga nan Difo aka kwashe shi,
jirgin ƙasa, jirgin ruwa, sai dajin Bama.
Abin da ya bar mana yana cikin gwangwanin madara:
lamba biyu da suka yi kore,
maɓallin kaki, da haƙorin da ba mu san na wane ne ba.
Ba taswira. Ba kwanan wata.
Mu dai mun san in damina ta yi nisa,
Kubanni ta cika ta kawo,
ba ya kwana a ɗaki,
sai ya zauna a zaure yana dudduba ƙafafunsa,
wai matsattsaku.

Ya taɓa ce mini, ina ɓare masa gyaɗa:
Nomau ba harsashi ya kashe shi ba, zawo ne,
kuma alfadarin da na ja sunansa Sarkin Taurin Kai,
shi ya fi hafsanmu sanin hanya.
Daga nan bai ƙara ba.
Na ɗauka akwai gobe.

Na je wa Gwaggo Tabawa da biro.
Ta ce, wane Nomau? Ai Ɗantani ne,
kuma a ruwa ya nutse, ni ya faɗa wa.
Baba Ladan na jin mu ta katanga,
ya ce duk ƙarya ne, mutumin ya dawo,
ya sayar da rake a Ƙofar Doka har ya tsufa.
Suka kaure da musu, tuwo ya huce.
Na ce a raina, to, mu ma ga namu shafi goman,
sai dai namu iska ke ɗauka.

Ba na ƙyashin mutanen can.
Na san tawada ma tana wanke jini,
tana yi wa tsoro rawani a kira shi jarumta.
Amma wanda aka rubuta ko da kuskure
jikansa na da wurin sa yatsa ya ce, nan ba haka ba ne.
Ni ina zan sa nawa?

Na gama ɗinkin ƙaton ran Alhamis,
na mayar da shi kanta, bango sabo fil.
Rarar takardar da na datse a gefensa
na tattara, na ninke, na soka allura.
Ta ba ni shafi goma sha shida, ƙanana kamar tafin hannu.

A na farko na sa: Jibo, ɗan Tudun Jukun, ya je, ya dawo.
A na biyu: Nomau, ko Ɗantani.
Na bar fili a ƙasa, ko wani zai zo da na uku.
Alfadarin kuwa,
shi kaɗai ba wanda ya yi mini gardama a kansa,
na ba shi shafi guda.